Yadda ake gyaran katafila da manyan injinan dizal ba tare da an bar yatsa a ciki ba

Na haura shekara ashirin ina kanikancin manyan motoci a Suame Magazin, unguwar makanikai ta nan Kumasi, kuma raunukan da na gani da idona yawancinsu ba lokacin da injin ke ruri suka faru ba. Injin mai ruri kowa yana ba shi wuri. Wanda aka kashe, ya yi tsit kamar raƙumin da ya durƙusa, shi ne mai cin mutane. Murɗa makulli ba ya fitar da ƙarfin da injin ya riga ya tara. Hannun katafila yana nan rataye da nauyinsa, man haidirolik yana matse cikin tiyo, ruwan lagireto yana da zafin da zai saɓule fata, batir a cike, iska kuma tana cikin taya da tankin burki. Kafin ka ɗauki sifana, sai ka bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya ka sauke su. Ga yadda nake koya wa yarana, a jere kamar yadda muke yi a bakin aiki.

(Mu dai a Zango duk abin da ke tafiya a kan sarƙa katafila muke ce masa, ko Komatsu ne ko Volvo ko Sany. A haka zan tafi.)

Mataki na farko: inda ka tsayar da ita

Nemi wuri mai faɗi da tauri. A Magazin wannan ba ƙaramin aiki ba ne, domin ƙasar ta sha baƙin mai shekara da shekaru, ga gangara, ga damina sau biyu a shekara. Ƙasar da ta ɗauki jak da safe, in aka yi ruwa da azahar, kafin la'asar ta saki. Ɗaga kai ka duba wayoyin lantarki kafin a motsa hannun katafila ko a ɗaga bodin tifa.

Sauke bokiti har ya zauna a ƙasa sosai. In buldoza ce ko gireda, sauke wuƙarta. Giya a firi, a ja burkin tsayawa, a sa weji gaba da bayan taya. Dutsen da aka tsinta a gefen hanya ba weji ba ne. Loda mai lanƙwasa a tsakiya tana da sandar ƙarfe ta kulle ƙugu. Sa ta kafin wani ya shiga tsakanin tayar gaba da ta baya, wurin nan matsewa yake yi kamar almakashi. In injin ya zo da zafi daga aiki, bar shi ya yi silo, wato ya yi ta aiki a hankali ba a taka totur ba, na minti 3 zuwa 5 kafin ka kashe, saboda tobo, na'urar da ke cusa wa injin iska, ya huce.

Mataki na biyu: makulli da batir

Makulli ya shiga aljihun wanda zai sa jikinsa cikin injin. Ba aljihun direba ba, ba na mai mota ba. Amma kada ka tsaya nan, domin katafilolin kamfani ɗaya sau da yawa makullinsu iri ɗaya ne. Na Caterpillar guda ɗaya yana tayar da injuna barkatai, kuma kowane direban da ya kwana biyu a aikin yana da nasa a maƙale. Wata rana ina kwance ƙarƙashin wata loda da makullinta a aljihuna, sai na ji an buɗe ƙofar sama. Direban ne ya dawo daga cin wake da shinkafa, zai matsar da ita don wata tirela ta wuce. Ƙafafuna da suka leƙo waje ne wani yaro ya gani ya kwarara ihu. Tun ranar ban ƙara yarda da makulli shi kaɗai ba.

Don haka sai a raba injin da batir. Manyan injuna da yawa suna da makunnin yanke batir. Kashe shi, in yana da ramin kwaɗo ka sa kwaɗonka. Sababbi masu shan AdBlue, ruwan da ke tsabtace hayaƙi, sukan buƙaci ka jira 'yan mintoci bayan kashewa kafin ka yanke, wasu ma suna da fitilar da sai ta mutu tukuna. Inda babu makunni, cire wayar negetif da farko, kuma ita ce ta ƙarshe wajen mayarwa. Dalilin a fili yake: jikin motar gaba ɗaya negetif ne. In ka fara da fozitif, sifana ta taɓa ƙarfe, wuta za ta tashi nan take. Yawancin waɗannan injuna batir biyu ne masu ƙarfin lantarki bolt 12 aka haɗa suka ba da 24, kuma ƙarfin da ke juya babban injin ya isa ya mayar da zoben azurfa garwashi a yatsanka cikin ƙiftawar ido. Na san zoben da daraja wajen mutanenmu. Cire shi ka sa a aljihu tare da agogo, in an tashi ka mayar.

Batir yana fitar da iskar haidirojin, musamman in ana cajinsa, ita kuwa tartsatsi ɗaya take jira. Ba taba, ba ashana, ba gwada batir da gutsuren waya don a ga ko zai yi tartsatsi. In za ku tayar da mota da batirin wata, maƙalin ƙarshe a jikin injin ake sa shi, nesa da batir. Ruwan batir kuwa asid ne. In ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, sannan asibiti.

Bayan haka rataya alama a sitiyari ko a kan libar sarrafawa. Tun da a garejinmu akwai mai jin Hausa, akwai mai jin Tuwi, akwai wanda bai iya karatu ba sam, mu jan ƙyalle muke ɗaurawa tare da kwalin da aka rubuta sunan mai aiki. Wanda ya ɗaura shi kaɗai ke kwancewa.

Sai wata ɗabi'a da nake korar yaro a kanta: tayar da injin daga ƙasa da sukudireba a kan sitata. In motar tana cikin giya, kai ne abu na farko da taya za ta tarar.

Mataki na uku: sauke matsin haidirolik

A nan zan daɗe, domin shi ne abin da aka fi rainawa. Tayar tirela tana ɗaukar iska wajen ba 8 (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne). Man da ke cikin tiyon katafila in tana aiki yana kaiwa ba 300 zuwa 350, kusan ninki arba'in ke nan. Fatar mutum kuwa matsin da bai wuce ba 7 ba yana iya huda ta.

Yadda ake saukewa a yawancin katafiloli shi ne: bayan bokiti ya zauna a ƙasa an kashe injin, kafin a yanke batir, sai ka mayar da makulli wurin kunna fitilu ba tare da ka tayar ba, ka saki libar tsaro, ka kaɗa kowace libar sarrafawa gaba, baya, hagu, dama, sau da yawa, har da na tafiya. Daga nan ka mayar da libar tsaro, ka kashe makulli. Tankin man shi ma yana da nasa matsi. Danna maɓallin numfashinsa ko ka sassauta murfin a hankali har ka ji hucin ya ƙare. Kowane ƙira yana da ɗan bambanci, saboda haka in littafin injin yana nan a duba shi, in babu a neme shi a intanet da lambar ƙirar.

Ko bayan duk wannan, ɗauka cewa akwai sauran matsi. Sassauta nat ɗin tiyo kaɗan-kaɗan, da tsumma a kai, fuskarka a gefe. In ka ji nat ɗin ya ƙi sakin jiki bayan zagaye na farko, yawanci mai ne ke tokare da shi. Tsaya ka sake dubawa. Akwai kuma tulun ajiyar matsi, wanda ke cike da iskar naitirojin. Ba a huda shi, ba a yi masa walda, ba a cika shi da iskar kwamfaresa, balle iskar oksijin ta masu walda, wadda in ta haɗu da mai bam ce.

Yanzu maganar neman yoyo. Wata shekara aka kawo mana katafila daga wajen Konongo, hannunta yana sauka da kansa. Injin yana aiki, ina sama ina kaɗa liba, na ce wa babban yarona ya duba inda mai ke fita. Kafin in ankara ya bi tiyon da tafin hannu yana shafawa. Na ga ya fizge hannun ya yarfar.

"Me ya faru?"

"Ba komai, Masta. Kamar ƙaya ce ta ɗan soke ni."

"Kawo hannun in gani."

Wani ɗigo ne a gindin manuniya, bai fi kan allura ba, ko jini babu. Har wani ya ɗauko man burki zai zuba masa, maganin kowane ciwo a wajen makanikai, wanda ba ya warkar da komai sai ƙara ƙona nama. Allah ya sa na taɓa ganin irinsa a hannun maigidana. Na ce a tare tasi. Yaron yana ta cewa, "Masta, wallahi ba ya min ciwo," ni kuwa na san ba zai daɗe yana faɗin haka ba. Kafin magariba yatsan ya yi suntum ya fara sauya launi. A daren aka shiga da shi tiyata, aka tsaga tun daga yatsa har tsakiyar tafin hannu ana wanke man da ya bi jijiya. Yatsan yana nan, sai dai har yau ba ya lanƙwasuwa. Laifin nawa ne, domin ban taɓa zaunar da shi na gaya masa ba.

To ga ƙa'ida. Ana neman yoyo da guntun kwali ko katako, a riƙe shi daga nesa, da tabarau a ido. Safar hannu ba ta tare wannan mai. In ya huda mutum, komai ƙanƙantar ramin, aikin likitan tiyata ne cikin 'yan awoyi, ba na kemis ba. A nan Kumasi a nufi sashen haɗari da gaggawa na asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda kowa ke kira Ji. Kada a matse wurin, kada a ɗaure, kada a ba shi abinci tunda wataƙila za a yi masa aiki. A tafi da jarkar man ko hoton takardarta, kuma a gaya wa ma'aikatan jinya ƙarara cewa mai ne mai matsi ya shiga jiki, domin ramin da suke gani ba zai nuna musu girman abin ba.

Layin nozul, mai fesa dizal cikin silinda, ya ma fi haka muni. Mu da muka koyi aiki a kan tsofaffin Benz da Bedford mun saba sassauta nat ɗin nozul ɗaya-ɗaya injin yana aiki, don mu gane silindar da ba ta ci. A sababbin injuna masu bututun mai na tarayya, matsin yana kaiwa ba 2,000 har ya wuce. Wannan dabara ta mutu. Kwamfuta ake sawa ta yanke silinda. In kuma za ka kwance layin, kashe injin ka jira. Wasu kamfanoni minti 10 suke cewa.

Sarƙar katafila giris ne mai matsi ke ɗaure ta. Wajen sassautawa, bawul ɗin zagaye ɗaya ake murɗawa, ba a wuce haka, kuma ba a leƙa ramin a ga ko giris ya fara fita. Sarƙar ake kallo.

Mataki na huɗu: tokare duk abin da ke sama

Jak aikinsa ɗagawa ne, ba riƙewa ba. Silindar haidirolik ma haka. Tiyo ɗaya ya fashe, ko wani ya jingina da liba, bodin tifa zai sauko, kuma ba ya sallama. Kafin kowa ya sa kai tsakanin bodi da shasi, a zubar da kayan da ke ciki, a kafa sandar tokare da aka ƙera motar da ita, a sauke bodin a hankali har ya zauna a kanta. In sandar ta ɓace, kamar yadda take ɓacewa a rabin tifofin da ke ɗibar yashi, a ƙera wata mai kauri. Kan tirela mai kifewa gaba a kife shi har ƙarshe, ya wuce tsakiya ko maƙalinsa ya kama. Kada a bar shi rabi da rabi.

A ƙarƙashi kuma, ƙafafun ƙarfe masu rubutun nauyin da suke ɗauka. Katafila irin Caterpillar 320 tana da nauyin tan ashirin da ɗoriya, sai ka yi lissafi. Bulon siminti ba ya kashedi, rugujewa yake yi gaba ɗaya. In katako za ka jera, nemi mai tauri irin odum ko dahoma, a kasuwar katako ta Sokoban za ka samu, ka gicciya su biyu-biyu. Katakon wawa kuwa na rufin ɗaki ne da akwati. Asante ne suka raɗa masa sunan da harshensu, amma duk Bahaushen da ya kwanta ƙarƙashin tan ashirin a kansa ya fassara sunan da kansa.

In ana ɗaga injin ko giyabos da sarƙa, ba a tsayawa ƙarƙashi, ba a kuma daidaita ramin ƙusa da yatsa. Ƙarfen nuni ake zurawa. Mutum ɗaya ke ba da umarni, sauran su yi shiru.

Mataki na biyar: zafi

Murfin lagireto yana riƙe matsi don ruwa ya wuce digiri 100 bai tafasa ba. Ka buɗe da zafi, ruwan ya tafasa gaba ɗaya ya yi tsiri a fuskarka. Jira har ka iya riƙe tiyon sama da hannu, sa tsumma mai kauri, murɗa zuwa tsayawar farko, bari huci ya fita. Man injin da na haidirolik su ma suna ƙuna. Wanda ya ƙone a sa wurin ƙarƙashin ruwan famfo minti 20. Ba man goge baki, ba ɗanyen ƙwai, ba baƙin mai.

Mataki na shida: taya da burki

Kafin ka kwance nat ɗin babbar taya mai rim na zobe, cire bawul ka fitar da iska duka. In tayoyi biyu ne a haɗe, duka biyun, domin wataƙila ta ciki rim ɗinta ya tsage, ta waje ce kawai ke tare ta. Wajen hurawa, a cikin keji, ko aƙalla a zagaye da sarƙa, da dogon tiyo, ka tsaya ta wajen da taya ke taka ƙasa, ba gaban zobe ba. Ba a dukan zobe da guduma taya tana da iska. Ba a walda ko gasa rim taya tana kai, ko da an sace iskar; zafi yana sa robar ta fitar da iska mai kamawa daga ciki, ta fashe bayan kowa ya ɗauka an gama.

Tukunyar burkin baya ta tirela tana da wani ƙaton sifirin a matse. Ana ɗaure shi da ƙusarsa ta musamman kafin a cire tukunyar, ɓangaren sifirin ɗin kuwa ba a buɗe shi, sabuwa ake saya. Ka tuna kuma da zarar ka ɗaure shi, tayar nan ba ta da burki. Weji ne kaɗai ke riƙe da motar.

Mataki na bakwai: wuta da hayaƙi

Mutane suna cewa dizal ba ya kamawa. Ba ya saurin kamawa dai, sai ya ɗumama ya haura digiri 50, amma in ya fesu a kan salansa mai zafi ba ya jiran ashana. Tankin da babu mai ya fi cikakke haɗari wajen walda, saboda tururin da ke ciki. A sauke shi, a wanke sosai, a cika da ruwa har kusa da wurin waldar, a bar murfi a buɗe. A daina wanke kayan injin da fetur. Tukunyar kashe gobara ta kasance kusa, mai hoda ko mai iskar kabon, kuma kowane yaro ya taɓa riƙe ta ya san yadda ake zare fil.

Wani lokaci injin yakan fara shan man kansa, yawanci in tobo ya lalace, ya yi ta hawa da farin hayaƙi, makulli ba ya kashe shi. Iska ake toshe masa, da faffaɗan katako a bakin shaƙa ko a fesa masa iskar kabon. Ba da tafin hannu ba, ba da tsumma ba. In babu abin toshewa a kusa, kowa ya yi nesa.

Hayaƙin kuwa a hankali yake nasa aikin. A shekarar 2012 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar huhu. Kada a bar injin yana aiki cikin rufaffen shago, janareta ma haka. Baƙin mai da ke kwana a fata shi ma ba alheri ba ne; sabulu da ruwa kafin a sa hannu a kwanon abinci, ba fetur ba.

Kayan kariya ba su da yawa: takalmi mai ƙarfe a baki maimakon silifas, tabarau, safar hannu, abin toshe kunne. In sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, ƙarar ta isa ta cinye ji a hankali. Ku iyayen gida, dokar ƙwadago ta Gana ta 2003 ta ɗora wa mai ba da aiki samar da kayan kariya ba tare da ma'aikaci ya biya ko sidi ɗaya ba. Ko ba doka ma, uban yaron nan da ya kawo shi daga Aboabo ko Asawase ya damƙa maka shi da yatsu goma, amana ce. A watan azumi ni nakan tura aikin ɗaga nauyi da shiga ƙarƙashi zuwa safiya, bayan la'asar sai wankin kaya da ɗaure-ɗaure, domin na ga yadda hannu ke rawa a lokacin.

Mataki na ƙarshe: tayarwa

Ƙirga sifanu, a tabbata babu wadda ta kwana kusa da fanka. Mayar da duk murfin kariya na fanka da bel. Mai jalabiya ko rigar Juma'a ya ja baya, bel ba ya tambayar tsadar yadi. Haɗa batir, negetif a ƙarshe. Wanda ya ɗaura jan ƙyalle ya kwance abinsa. Sannan ka zagaya injin da ƙafarka, ka leƙa ƙarƙashi, ka kira yaranka ɗaya-ɗaya da suna har kowa ya amsa daga inda kake ganinsa. Wajen hawa, fuskarka ga injin, hannu biyu da ƙafa ɗaya a riƙe ko ƙafa biyu da hannu ɗaya, ka goge man da ke tafin takalmi. Yi hon, ɗan jira, sannan ka tayar. Bar shi a silo, ka gwada libobi a hankali ba kowa a inda hannun katafila zai iya kaiwa.

Man da aka juye a tara shi a duro mai murfi a ba masu saye, kada a tuntsurar a kwata. A jikin ƙofar shago kuma a rubuta da fenti yadda kowa zai gani: 112 na gaggawa, 193 motar asibiti, 192 'yan kwana-kwana, a ƙarƙashinsu lambar wani direban tasi na kusa wanda ka san yana ɗaga waya.